Goma Sha Biyu a Kowane Kwalekwale

Ranar Alhamis ce, tsakiyar damina. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi. Na dawo daga masallaci na tarar Inna, mahaifiyata, ta dama koko. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, da yatsa take laluben bakin kwano in za ta zuba. Ta ce in sha da zafinsa. Na sha, na ɗaura agogona. Ƙarfe shida da rabi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni ma'aikacin agaji ne, ofishinmu yana Haɗejiya, aikina kuwa majigi. Mu biyu ne a mota, ni da direba, Malam Bukar. Muna bin ƙauyukan bakin kogi daga Auyo har Kirikasamma. In an yi magariba mu kafa farin ƙyalle, mu tayar da inji, mu haska fim ɗin ambaliya. Fim ɗaya ne tak muke da shi. Na kalle shi har na haddace wuraren da yake tsinkewa.

Mutanen cikinsa ba namu ba ne, wasu ne can masu manyan kwat da hula. Kogi ya shiga garinsu. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya bar abin da yake yi, suka jeru, suka hau tudu, suka shiga jirage, wani mai takarda yana ƙirga su. A ƙarshe ga su duka a wani ɗaki suna shan shayi. Ba mai kuka, ba wanda ya ɓace. Ni ke riƙe da lasifika ina sharhi, don bakina ne sana'ata. Nakan raɗa musu sunayenmu. In ce ga Tanko can ya koma ɗaukar akuya, ku dube shi, sakarai. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Bayan fim sai mu tsara wa ƙauye nasa shirin tsira. A ƙauyenmu, wanda ke ƙasa da Auyo, na fi tsanantawa, don kada a ce ɗan gari ya gyara na wasu ya bar nasa. Akwai jinga tsakaninmu da kogi, tudun ƙasa ne dogo da aka tara don tare ruwa. Inda ta fi faɗi da tsayi akwai wani gawo, nan ake ɗaure kwalekwale biyar na gari. Na rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin gawon. Na ce duk wanda ya ji an buga ƙarfen nan, ruwa ne. A taho gindin gawo a jere, masu goyo da yara a gaba, tsofaffi a bayansu. Kada a tsaya tambaya. Kome aka ji, kada a juya. Kowane kwalekwale mutum goma sha biyu, ban da na goye. Ni da Sarkin Ruwa, shugaban masuntanmu, muka gwada: sha biyu na barin yatsa huɗu tsakanin baki da ruwa.

Sau uku muka yi gwaji. Wasu suka yi ta mita an hana su aiki. Inna kuwa ba ta taɓa fashi ba. Mai Majigi take kirana, tana yi mini tsiya wai gwamnati na biyana in koya wa jikokin masunta shiga jirgi. Amma ta ƙulle kayanta a tsohon zane ta ajiye a bakin ƙofa, tun da ɗanta ne ya faɗa.

Akwai abin da fim ɗin bai nuna ba. A waccan shekarar mun ƙara wa jingarmu tsayi, da shawarata. Da kogi ya kawo, ya rasa hanya ta wajenmu, sai ya kwanta wa ƙauyen ƙetare. Ya ci shinkafarsu, ya shiga gidajensu. Sau biyu dattawansu suka zo roƙon a buɗe masa 'yar kafa ya rage. Sau biyu aka ba su haƙuri da goro suka koma. Ina zaune a wajen na biyun.

Ruwa ya yanke hanyar mota tun Litinin, shi ya sa muke gari. Motar tana tudun makaranta, yamma da gari. Can na nufa da safen, ina goge idon majigi, Malam Bukar yana duba mai. Mazan gari galibi sun fita fadama.

Ƙarfe bakwai da minti goma na ji ƙarfen gawo. Bugu ne ba tsayawa, ba irin na gwaji ba. Na ɗauki lasifika da littafin sunaye, muka sauka da gudu. A bakin kasuwa na ga layi ya riga ya haɗu. Mata da goyo, yara riƙe da hannun juna, tsofaffi da sanduna. Ba ihu, ba turereniya. Na hango Inna da ƙullinta a ka, ta kama bakin zanen maƙwabciyarmu Ladi tana bin ta. Na ji daɗi. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ga shi nan kamar a fim.

Bakwai da minti ashirin bindiga ta tashi. Harba-ka-ruga ce, ƙararta mai nauyi, daga wajen jinga. Tsuntsaye suka watse daga kan shinkafa. Layin ya ɗan girgiza, ya ci gaba da tafiya.

Na wuce su a guje na hau jinga. Ƙanena Sale ne ke buga ƙarfen, shi ke gadin jinga a ranar. Ruwa bai ƙetare ba. Mutane ne. Mutanen ƙetare sun sauka da kwalekwalensu kamar taku ɗari biyu ƙasa da gawo, sun fi hamsin. Na tsakiya suna sara da galma da fartanya. Na gefe suna tsare su da baka da adda da bindiga biyu. Sale ya gan su, ya yi kururuwa, ƙarar kogi ta shanye muryarsa. Maza yake son kira. Ba shi da abin kira sai ƙarfen.

A da, in aka ce ga wasu sun zo da sharri, mata da tsofaffi yamma suke yi, su shige gonakin gero, maza su fito. Kowa ya san wannan tun kakanni. Ni na zo na sauya. Ƙarfe guda, hanya guda, kuma hanyar ta bi daidai inda ake faɗan.

Na juya na ɗaga lasifika.

"Ku koma! Ku koma! Ba ruwa ba ne!"

Na gaba suka dube ni, suka ci gaba da hawowa. Ni na ce musu kome aka ji kada a juya. Wata tsohuwa ma murmushi ta yi mini, ta ɗauka gwada su nake yi.

Mazanmu suka fara isowa daga fadama, da lauje, da sanda, da abin da hannu ya samu. Aka haɗu a kan jinga, wurin da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Sara, ashar, kukan ƙarfe a kan ƙarfe. Bindiga ta sake tashi. Wani ɗan uwanmu ya zauna a ƙasa yana duban cikinsa. Kibiya ta sami Sale a cinya, ya saki gudumar, ƙarfe ya yi shiru, aka sauko da shi daga jinga. Masu sara ba su ko ɗago ba. Na gane ɗaya daga cikinsu. Watan jiya yana gaba-gaba wajen majigi a garinsu, ya fi kowa dariyar Tanko. Yanzu yana sara yana kuka.

Bakwai da minti arba'in jinga ta buɗe. Da farko 'yar ƙara ce, kamar ana tsiyaye tulu. Sai ƙasa ta yi wani nishi, gefe guda ya zauna. Daga nan ban ƙara jin muryar kowa sosai ba. Ruwa ja ya faɗa ɓangaren gari. Cikin minti biyar ya shafe hanyar da ake hawowa. Layin ya rabu biyu. Na baya da mazan da ke faɗa suka watse, suka yi yamma da gudu, suna jan Sale. Na gaba suka rage tare da ni a gindin gawo, kogi a gabanmu, sabon ruwa a bayanmu. Ɓarakar kuma tana cin jinga tana matsowa.

Na buɗe littafi na ƙirga. Arba'in da biyar, ban da na goye da mu maza shida. Maza masu ƙarfi a wurin: ni, Malam Bukar, Sarkin Ruwa da masunta uku. Kwalekwale uku ne a ɗaure. Ɗaya an yanke igiyarsa ya bi ruwa. Ɗaya mutanen ƙetare sun ja shi ƙasa, yana maƙale a ciyawa kusa da ɓaraka, mutum biyu suna riƙe da shi.

 Wannan na tuna sarai. Na tsaya a bakin ruwa ina dafa kafaɗa ina ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. Sha biyu, na ɗaga hannu, na farko ya tashi. Tudun hanyar Auyo za su, tafiyar awa guda a kan ruwa mai ƙarfi. Takwas saura minti biyar na biyu ya bi shi.

Na uku, na Sarkin Ruwa, ya matso. Sauran matan suka shiga, tsofaffi suka fara shiga. Tara, goma, sha ɗaya. Ladi ce ta sha biyu. Hannun da ke riƙe da zanenta na Inna ne. Ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ruwa tana laluben bakin jirgi.

Na sa hannu a tsakaninsu.

"Sa ta!" in ji Sarkin Ruwa. "Ba ta da nauyi!"

"Sha biyu," na ce.

"Kai! Da uku-uku ka ƙara tun farko, da duk sun shiga! Sa ta!"

"Sha biyu. Tura!"

Tsofaffi takwas ne a bayanta, duk idonsu a kaina. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasunsu sun goye ni. In na sa uwata, da wane baki zan tsayar da su? In kuma duka suka afka, jirgin ya kife da yara a ciki. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Ga na huɗu can, ina ganinsa da idona, minti biyar ne a kawo shi. Inna ta saki zanen Ladi. Ta janye ƙafarta daga ruwa. 

Na kama hannunta na zaunar da ita a gindin gawo. Gawo ba ya ganye da damina, yayyafi yana sauka a kanta. Ta sauke ƙullinta ta ɗora a cinya. Na ce, "Inna, zauna nan, yanzu zan dawo." Ta ce, "To." Takwas da minti biyar.

Ni da Malam Bukar da masunci guda muka gangara. Ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Mutum biyun da ke riƙe da kwalekwalen su ma tsira suke nema, nasu jiragen sun tafi sun bar su. Da an tsaya an yi magana, da ya ɗauke mu duka. Ba wanda ya yi magana. Na kama igiya, ɗayansu ya ɗaga gorar tuƙi. Na ga tana saukowa. Ban ji zafi ba.

Da na buɗe ido ina kwance a cikin kwalekwale, kaina a kan ƙafar Malam Bukar. Ya ɗaure mini goshi da rawaninsa. Na duba agogo, yana tafiya abinsa. Tara saura kwata. Rufin ɗaki na gani yana wucewa ta gefena. Muna cikin gari. Ɓaraka ta zuƙe jirgin ta jefo mu ciki, masuncin yana ta dannan gora, ba ta samun ƙasa. Mutum biyun ban gan su ba, ban kuma tambaya ba.

Na tashi zaune na waiwaya. Jinga tana nan daga can nesa, da wannan gefe, da wancan. Tsakiya ruwa ne shimfiɗe. Gawon ya kwanta, rassansa kawai ke waje, ruwa yana ratsa su.

"A koma," na ce.

 Masuncin ya ci gaba da abin da yake yi.

Muka bi ta layin kasuwa. Katangu suna jiƙewa daga ƙasa su durƙusa, ba ƙara sosai, sai ƙura kaɗan ta tashi ruwa ya haɗiye ta. Rumbu ya wuce mu yana juyawa. Kaji a kan danga. Wata akuya a ɗaure a turke, hancinta kaɗai ke sama. Muka wuce ƙofar gidanmu, zauren ya riga ya faɗi. Na dube shi kamar gidan wasu.

Tara da rabi muka isa tudun makaranta. Mutanen gari suna can cunkushe, ruwa ya kai rabin tayar mota. Aka ce tudun ba zai kai azahar ba. Mai gari ya ce a kama hanyar Auyo. Muka bar motar da majigin a cikinta. An cire wa Sale kibiya, an ɗora shi a kan ƙyauren aji, mutum huɗu suna ɗauke da shi. Ya tambaye ni Inna. Na ce tana gaba.

Hanya ba a ganinta, sai dai a bi layin giginya. Ruwa wani wuri gwiwa, wani wuri ƙirji. Maza suka ɗora yara a wuya. Aka kama hannu da hannu. Ba mai magana, sai "Riƙe!" da "Rami!" Can bayanmu bindiga ta ƙara tashi sau ɗaya, ban san wa aka harba ba. Wani maciji ya bi ta tsakaninmu, aka buɗa masa ya wuce. Jini yana sauko mini a ido ina sharewa. Yunwa na ji. Ina tafe ina mamakin yadda mutum zai ji yunwa a rana irin wannan.

Ƙarfe ɗaya saura muka fito tudun hanyar Auyo. Kwalekwale ukun suna can an ja su gaɓa. Na tafi kai tsaye na ƙirga. Talatin da shida, cif. Ko zanensu bai jiƙe ba. Sarkin Ruwa yana zaune a bakin jirginsa. Ya sauke su ya juya shi kaɗai, ya je ya dawo. Da ya gan ni ya kau da kai.

Ladi ta taso tana leƙa bayana. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Akwai wuri fa. Wallahi akwai wuri kusa da ni." Ba da faɗa ta faɗa ba. Sale yana kwance a kan ƙyaure, taku uku daga wurin, ya ji.

Ko jirgin zai ɗauki sha uku, ko sha biyar, har yau ban sani ba. Na tambayi masunta da yawa a shekarun da suka biyo baya. Wasu su ce zai ɗauka. Wasu su ce a irin wannan ruwa, ko kaza aka ƙara sai ya kife. Kowa yana duban fuskata kafin ya ba da amsa.

Muka kwana a Auyo. Washegari manyan motoci suka kwashe mu zuwa Haɗejiya, aka sauke mu a filin wata makaranta. Shugabana ya ga raunin kaina ya ce in je in kwanta. Na ce aiki zan yi. Na raba tabarmi, na raba gero, na nuna inda za a haƙa masai. Mutanen ƙetare ma an kawo su, aka ajiye su a ɗaya gefen filin da 'yan doka a tsakani. Su ma na raba musu. Kwana biyar 'ya'yansu suka yi a kan rumfuna kafin su ɗauko galma. Na nemi ƙiyayya a cikina ban samu ba. Kuka ma ban samu ba. Mutane suna zuwa yi mini ta'aziyya ina amsawa kamar wanda aka aiko ya karɓa wa wani.

Masunta suka yi kwana uku suna bin ruwa. Suka samo mutum biyu da suka mutu a faɗan, aka yi musu sutura. Cikin tsofaffin suka samo shida, a maƙale a gonakin shinkafa. Uku ba a gan su ba. Inna tana cikin ukun.

Rana ta huɗu, da hantsi, aka kafa tebur a inuwar aji don rubuta waɗanda aka rasa. Magatakardan baƙo ne, daga Kano aka turo shi, bai san kowa ba. Aka ce ni na san mutanen gindin gawo, in zo in faɗa. Sale ya dogara sanda ya biyo ni. Tun daga tudun hanyar Auyo bai yi mini magana ba. Ya tsaya a gefena.

Na faɗi takwas, kowa da sunansa da na mahaifinsa da unguwarsa. Magatakarda yana rubutawa yana busa tawada.

"Na tara?"

"Inna."

"Inna wa? Sunan yanka nake so, malam."

Na san sunan. Na taɓa jin kakata ta kira shi ina ƙarami. Amma a gidanmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa. In muka haɗu da mai irin sunan, Mai Sunan Inna muke ce mata. Shekarata talatin da huɗu, bai taɓa bi ta bakina ba. Na dubi Sale. Ya sunkuyar da kai. Akwai mutane a bayanmu suna jira.

"Hauwa'u," na ce.

Bai ji ba, ana hayaniyar rabon gero. Ya kara hannu a kunne. Na sake faɗa da ƙarfi.

Ya rubuta. Ya tambayi shekarunta, na ce ban sani ba. Ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta tara, ya ce na baya ya matso.